Ɗiyar Maƙwabta

Mahaifin Attahiru bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba. Cewa ya yi ba za a kai goronsa gidan marigayi Lawali ba sai an yi bincike, domin magana ta iske shi har Illela cewa a gidan akwai yarinyar da ba ta cika ba, kuma shi a saninsa irin wannan abu jini yake bi.

Nazifa, ɗiyar marigayin da Attahiru yake nema, ta san da wa ake. Da Nasiba ake, ƙanwarta, autar gidansu.

Nasiba kuwa lafiyarta ƙalau. Ta iya daka, ta iya talge, kuma akuyar gidansu ko cikin garken duk ƙauyen ta shige, da kukanta take gane ta. Abu biyu ne suka tsaya mata: harshenta yana sarƙewa in ta ji tsoro, sannan baƙaƙen boko ba sa zama wuri ɗaya a idonta. Ta maimaita ajin farko har wani mushe, malamin ajin, ya gaji, ya ce a gaban yara kanta dutse ne. Daga ranar 'yan gari suka sa mata Doluwa, ita kuma ta daina zuwa lakwal, wato makarantar boko.

Saboda ita ne Nazifa ta je Konni ta koyi yadda ake karantar da irin waɗannan yara a wurin wata ƙungiya, ta dawo ƙauyensu da ke gefen Bazaga ta kafa rumfar zana a bayan gida. Kullum bayan azahar yaran da lakwal ta gaji da su suke taruwa, 'ya'yan masu amalanke da marayu da waɗanda ko takalmi ba su da shi. Babu bulala a rumfar. Kowane yaro da farantinsa na rairayi, da yatsa yake rubutu, in ya ɓata ya girgiza ya sake. Akwai kuma baƙaƙen da suka gina da yumɓu suka shanya, yaro ya rufe ido ya shafa har hannunsa ya san su.

Abin farko da take koya wa kowa shi ne sunansa haɗe da na ubansa, yadda ake kira a lakwal da asibiti da kowane buro, wato ofis. Damina guda Nasiba ta ci kafin ta iya nata sunan. Yanzu ta kusa gama na uban, ita da ba ta ma tuna fuskarsa sosai ba.

Attahiru ya san duk wannan. Gyaran injin ban ruwa yake yi, aikin ne ma ya kawo shi garin har ya ga Nazifa. Shi da bakinsa ya yi wa Nasiba alkawarin allon lakwal da alli mai launi ranar da ta rubuta sunanta cikakke.

Da labarin binciken ya iso, Inna Saratu, mahaifiyarsu, ta kira Nazifa ɗaki ta rage murya.

"Mu kai ta Alela wurin ƙanwata har a ɗaura. In an ɗaura, sai ta komo."

"Haba Inna. Ɗiyar cikinki za mu ɓoye awa kayan sata?"

"Ke dai ba ki ji. Mai nemanki na farko mi yak kore shi? Ba wagga magana ba ta? Sa'o'inki dut sun yi ɗiya biyu-biyu. In wanga ma ya tahi, sai Lurwanu, shi ko kin ji abin da yac ce."

Ta ji. Lurwanu ɗan canji ne a bakin iyaka, ya daɗe yana aiko da gaisuwa. Shi bai damu da bincike ba, sharaɗinsa ɗaya ne: matarsa ba za ta zauna cikin ƙasa da 'ya'yan mutane marasa kai ba, sai an rushe rumfar.

Nazifa ta miƙe tana gyara ɗankwali.

"Inna, ko maza sun ƙare duniya, ni ba ni musun Nasiba."

Ta faɗe shi da ƙarfi, har da ɗaga kai, ta fita ta bar tsohuwa da jin nauyin kanta. Ita ma a lokacin ta ɗauka gaskiya take faɗa.

*

Ranar kasuwar Bazaga baƙuwar ta zo, babu aike babu sanarwa. Nazifa tana durƙushe tana riƙe da yatsan wani yaro cikin rairayi sai ta ji sallama a bakin rumfa. Dattijuwa ce doguwa da farin mayafi, idonta a tsaye.

"Ke ta Nazifa? Ni ta Takama, gwaggon Attahiru."

Nazifa ta miƙe da sauri. Ta shimfiɗa tabarma, ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa. Gwaggo Takama ta kurɓa kaɗan, tana dai bin yaran da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kaji.

Nasiba ta taso da farantinta, murna ta cika ta, domin ta rubuta wani abu tana so a gani. Sai ta yi ido biyu da baƙuwar. Nan take harshen ya sarƙe. Ta buɗe baki tana "na... na... na..." maganar ta ƙi fita, farantin ya karkace, rairayin ya zube a kan tabarmar baƙuwa.

Gwaggo ta janye ƙafarta, ta kakkaɓe bakin zaninta a hankali.

"Wagga fa? Ɗiyar wa ta?"

Ba tsawa ta yi ba. Da ma tsawar ta yi, wataƙila da Nazifa ta samu zuciyar ramawa. Amma a cikin wannan sanyin muryar ta ga komai ya tafi: Attahiru, da ɗakin da ya fara ginawa a Illela, da dariyar 'yan gari in aka ce na biyun ma ya gudu. Kafin ta yi shawara da zuciyarta bakinta ya riga ta.

"Ɗiyar maƙwabta ta, Gwaggo. Nan gidan Karima."

Yaran rumfar suka dubi juna. Ba wanda bai san ƙarya ba ce.

"To, Allah shi ba su lafiya," in ji Gwaggo. "Ashe ita aka gani gidanku har magana ta kai muna. Ke ko Allah shi biya ki, kina haƙuri da ɗiyan mutane."

Har addu'a ta yi mata. Nazifa ta amsa da amin, kunya tana cin ta kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Nasiba ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta tattara rairayin da tafin hannu ta mayar cikin faranti, ta koma can ƙarshen rumfa ta zauna.

*

Da yamma Nazifa ta zuba wa Nasiba tuwo, ta ƙara mata man shanu fiye da kullum. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu.

"Na gode, Malama."

A gida Yaya take ce mata tun da ta fara magana. Ko a rumfa, inda kowa ke cewa Malama, ita Yaya take cewa.

Inna Saratu ta ji, ta ɗago ta dubi Nazifa. Ba ta yi mata gori ba, wannan ya fi komai ciwo. Cewa kawai ta yi, "Tunda an riga an hwaɗi, sai a riƙe shi hakanan," ta ci gaba da tsince wakenta.

Washegari a rumfa aka zo rubuta suna. Nazifa ta zagaya tana duba faranti ɗaya-ɗaya har ta iso kan na ƙanwarta. An rubuta Nasiba, tsaf, babu kuskure. Gefen da sunan uba yake zama an share shi sumul da tafin hannu.

"Ina sauran?" ta tambaya.

Yarinyar ba ta ɗago ba.

"Ban... ban san wanda za ni sa ba, Malama."

Nazifa ta sallami yara tun la'asar ba ta yi ba, ta zauna ita kaɗai a rumfa ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Ta tuna mushen da ya ce kan Nasiba dutse ne, yadda ta yi shekaru ba ta gaishe shi ba. Shi aƙalla bare ne.

*

Attahiru ya zo bayan la'asar ranar Laraba, da wankakkiyar shadda, fara'a har kunne. Suka zauna a dakalin ƙofar gida, shi a wannan gefe ita a wancan.

"Albishirinki. Gwaggo ta komo tana yabonki awa ita ta haihe ki. Ta ce ma Baba maganar dut ƙarya ta. Jumma'a mata za su kawo goro."

Nazifa ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Mi ya hwaru? Na zaci tsalle za ki yi." Ya yi dariya, sannan dariyar ta ragu. "Ni dai abin da ban gane ba, Gwaggo ba ta sauka da sauƙi hakanan. Ta ga Nasiba?"

"Ta gane ta."

"To mi tac ce?"

Hawaye suka zubo mata. Ta so ta yi kwana, ta ce Gwaggon ce ba ta fahimta ba, amma ta gaji da bakin nan nata.

"Ni nic ce mata ɗiyar maƙwabta ta."

Ya kawar da kai yana kallon hanya. Wata amalanke ta wuce da buhunan wake, mai ita ya ɗaga musu hannu, babu wanda ya amsa.

"Gaban yarinyar?"

"Gabanta."

"Nazifa." Sunan kawai ya kira ya tsaya. Da ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa. "Kin san ranar da nif fara sonki? Na zo neman ruwan wanke hannu na iske ki riƙe da yatsanta cikin rairayi. Ta ɓata, kin girgiza, ta ɓata, kin girgiza, ko tsaki ba ki yi ba. Nic ce wagga ita ta uwar ɗiyana. Ita nit tahi na gaya ma Baba, ba wata ba."

"Don kai niy yi," ta ce cikin kuka. "Tsoro nij ji. Na ga za a raba mu, ban san sanda ta hito ba. Wallahi ban shirya ta ba, Attahiru. Inna ta ce a kai ta Alela na ƙiya, har na yi mata wa'azi. Sai ga ni na yi abin da yaf fi nata muni."

"Kada ki ce don ni. Ni ban roƙe ki ba."

Maganar ta soke ta.

"To yanzu ranar biki hwa?" ya ce. "Rumbu za mu sa ta mu ruhe? In kin haihu ta zo suna, mi za mu ce ma dangina? Kullum ɗiyar maƙwabta?"

"Kai ka gaya musu. Don Allah. Ni ba ni iya kallon idon Gwaggo."

Ya girgiza kai.

"In ni na hwaɗi, na tona miki asiri, har abada ba ki da daraja gidanmu. In na yi shiru, na zama abokin ƙarya. Bakin da yay yi ta shi ka gyara ta."

"In na hwaɗi, Babanka na iya rantsuwa ba a yin auren ga."

"Shina iyawa. Kin san shi, in ya rantse ba shi komowa."

"To sai mi?"

"Ban sani ba," ya ce, idonsa shi ma ya kaɗa. "Wallahi ban sani ba. Ina sonki, wanga bai canza ba. Amma yau na zo da murna, ga shi za ni koma ina jin kunyar yarinya ƙarama."

Ya tashi ya hau babur ɗinsa. A ɗaure a bayan babur ɗin akwai wani abu mai faɗi cikin leda, ta gane allon lakwal ne. Bai kwance shi ba, da shi ya koma.

*

Ranar Jumma'a gida ya sha shara tun da safe. Inna Saratu ta dama fura, ta yanka zakara, ta ɗauko tabarmin da ba a shimfiɗawa sai da baƙi. Ta yi ta jan ƙafa kan yadda za ta ce wa Nasiba ta tafi maƙwabta, sai ga shi ba a buƙaci a gaya mata ba.

Da aka ji tsayuwar mota a bakin hanya, yarinyar ta fito daga ɗaki da farantinta a ka, da zaninta na salla a naɗe a hammata. Ta tsaya gaban uwarta.

"Inna, na tahi gidanmu. In baƙi sun tashi a kira ni."

Ba da gatse ta faɗa ba, Nasiba ba ta iya gatse ba. An ce ita ɗiyar Karima ce, ita kuma tana ƙoƙarin ta yi abin da ake so. Ta bi ta ƙofar danga ta fita. Inna ta toshe baki da mayafi ta shige madafa.

Nazifa tana ɗaki, ta ga komai ta labule.

Mata suka shigo da guɗa, Gwaggo Takama a gaba. Aka sauke kwanon goro da alawa da turmin zane a tsakar gida, aka shiga gaishe-gaishe, ana tambayar gajiya da amfanin gona. Bisa al'ada yarinyar da aka zo dominta ba ta fitowa, a ɗaki take zama da lulluɓi sai in an kira ta. Nazifa ta zauna a bakin gado tana jin ana yabon tarbiyyarta. Wata cikin baƙin tana cewa ai irin wannan ake nema, mai tausayin 'ya'yan wasu.

Nan ta kasa daurewa. Ta miƙe, ta ɗaga labule ta ratsa tsakar gida a gaban kowa. Hira ta tsaya. Ta ji Inna tana kiran sunanta ƙasa-ƙasa, ba ta juya ba.

A gidan Karima ta iske Nasiba zaune a gindin turmi, farantin a cinyarta. Ta kama hannunta.

"Taso."

"Baƙi sun tashi, Malama?"

"Ba su tashi ba. Taso."

Ta shigo da ita har gaban tabarma, ta durƙusa, ta durƙusar da ita kusa da ita. Ba ta iya ɗaga ido ba, ƙafar Gwaggo take kallo.

"Gwaggo, ƙarya niy yi miki ranar kasuwa. Wagga ba ɗiyar maƙwabta ba ta. Ƙanwata ta, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta wadda kunka ji labari. Lahiyarta lau, karatu na ka yi mata wuya, kuma tana koyo. Don ita nik kahwa rumhwar da kinka gani. Ni ta mai aibi gidan ga, ba ita ba."

Babu wanda ya motsa. Kaza ta zo tana tsattsagar gefen kwanon goro, ba a kore ta ba.

Nazifa ta jawo farantin, ta girgiza shi rairayin ya kwanta, ta ajiye gaban ƙanwarta.

"Rubuta sunanki."

Yarinyar ta sa yatsa cikin rairayin. Ta rubuta Nasiba a hankali, harshenta a waje kamar kullum. Ta kai gefen da babu komai ta tsaya. Ta dubi baƙin, ta dubi Nazifa.

"In... in sa na Baba?"

"Sa shi," in ji Nazifa, hawaye suna ɗiga daga haɓarta. "Naki na. Ba mai amshe miki shi."

Ta daɗe tana yi. Ta ɓata na farko, ta share da tafin hannu ta sake. Matan nan duka suka zuba ido, har waɗanda ba su san ko baƙi ɗaya ba. Da ta gama ta janye hannunta ta ɓoye shi cikin zane. Nasiba Lawali, a karkace, amma cikakke.

Gwaggo Takama ta daɗe tana kallon farantin. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Sannan ta miƙa hannu ta mayar da murfin kwanon goron.

"Ni aka aiko bincike, na koma na ce ma yayana babu komi. Kin sa na yi mishi ƙarya da hurhurata." Ta yunƙura ta tashi. "Ku ɗauko kayan. Goron ga nai na, shi ka cewa a aje ko a komo da shi."

Inna Saratu ta bi su har zaure tana ba da haƙuri. Nazifa tana durƙushe inda take, ta ji tashin mota, ta ji ƙarar tana nisa har ta ɓace. Furar da aka dama tana nan a rufe, ba wanda ya taɓa.

Har aka yi la'asar ba ta tashi daga tabarmar ba. Nasiba tana gefenta, ta hana kaji kusantar farantin. Zuwa yanzu motar ta isa Illela, an sauke kwanon a gaban tsoho, an faɗa masa komai. Nazifa ta san haka, kuma duk da kunyar da ke cin ta, ta ji ƙirjinta ya fi sauƙi fiye da duk kwanakin nan.

Sai wayarta da ke kan tabarma ta fara ruri.

Ba ta iya dubawa ba. Idonta ya kumbura, hannunta duk rairayi. Nasiba ce ta leƙa, ta kafa wa fuskar wayar ido, ta sa yatsa a ƙarƙashin baƙaƙen yadda aka koya mata.

"A... ta... hi..."

Ba a taɓa koya mata wannan sunan ba. Ta ɗago da sauri, ta ɗauki wayar da hannu biyu ta miƙa.

"Shi na. Yaya, amsa mana kada ta yanke."